Tsoron abin shaƙa, son allura: yadda ake jinyar alerji baibai a Damagaram

Da zarar iskar hunturu ta taso daga gabas, hazo ya rufe duwatsun Birni, sai layin farmasi a Damagaram ya sake kama. Masu zazzaɓin cizon sauro sun ragu, masu atishawa sun ƙaru. Wannan hancinsa na zuba, wancan idonsa ya yi ja wur, wata kuma ta goyo yaro ƙirjinsa na kuka tun tsakar dare. Ka tambaye su, amsar kusan ɗaya ce: "Sanyi ne ya kama ni," ko "Ƙura ce jinina ba ya so." Abin da suka zo nema ma ɗaya ne, ƙwaya ko allurar da za ta yanke abin yau-yau.

Da yawa cikinsu abin da likitoci ke kira alerji ne ke damunsu, wasu kuma wani ciwo ne daban mai kama da shi. Magungunan da suka fi yi wa alerji aiki tsofaffi ne, an daɗe da saninsu, akasarinsu ba su fi ƙarfin aljihu ba. Inda muka samu matsala shi ne mun ɗora tsoronmu baibai. Uwa za ta yi kuka in aka rubuta wa ɗanta abin shaƙa na asma, ta ce an gama da shi. Ita ɗin dai za ta saya masa ɗigon ido mai kortizon, wani magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi, wurin mai talla, ta yi ta zuba masa wata da watanni hankali kwance. Magidanci zai ƙi maganin fesa hanci, ya ce wasan yara ne, ya je ya ce wa majo, "Ranka ya daɗe, a yi mini waccan mai ƙarfin ta bara." Wanda ake gudu shi ne mai ƙarancin illa, wanda ake rububi kuwa shi ke cin jiki a ɓoye.

Alerji kuskure ne na garkuwar jiki. Jiki yana da hanyar gane baƙon abu mai cutarwa, ya riƙe kamanninsa, ya shirya masa. Wani lokaci sai ya yi wannan shiri a kan abin da cutarwarsa ba ta taka kara ta karya ba: garin furen ciyawa, kashin kyankyaso, gashin kyanwa, ƙwai, harbin zuma. Kamar dogari ne da ya riƙe fuskar baƙon kirki a matsayin ɓarawo, duk ranar da ya hango shi a ƙofar fada sai bulala, har ta shafi mutanen gida. A haɗuwar farko ba a ganin komai. Jiki ne kawai ke ƙera wani sinadarin kariya da ake kira IgE, wanda ya dace da wannan abu shi kaɗai. IgE ɗin ya je ya manne a kan wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a fata, hanci, ido, hanyoyin iska na huhu da hanji, cike da histamin. A haɗuwa ta gaba, abin na taɓa IgE sai ƙwayoyin su amayar da histamin cikin ƴan mintoci. Shi ke buɗe ƙananan hanyoyin jini su yi yoyo, wurin ya kumbura ya yi ja. Shi ke tsokanar jijiya a ji ƙaiƙayi da atishawa. In a fata abin ya faru, borin jini ke nan. In a hanci ne, mura marar zazzaɓi da ba ta ƙarewa. In a huhu ne, asma. In ko'ina ne a lokaci guda, rai na cikin haɗari.

Shi ya sa "ai na saba ci, bai taɓa yi mini komai ba" ba hujja ba ce. Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suka fara gano haka a 1902. Rigakafin dafin wata halittar teku suke neman yi wa karnuka; kare ya jure allurar farko lafiya lau, da aka sake yi masa ƴar kaɗan bayan makonni sai ya faɗi ya mutu nan take. Richet ya samu kyautar Nobel a 1913 a kan wannan. IgE kuwa sai a 1966 da 1967 aka gano shi, a Amurka da Suwidin. Akwai kuma zango na biyu da mutane ba su sani ba: sa'o'i bayan histamin ya gama aikinsa, wasu fararen ƙwayoyin jini suna taruwa a wurin su bar kumburi mai daɗewa. Wannan kumburin ne ke toshe hanci wata guda, shi ke zaune a huhun mai asma ko ranar da yake jin garau. Ƙwayar tare histamin ba ta isa gare shi. Dangin kortizon ne ke kwantar da shi, kuma duk rigimar tana kan ta wace hanya aka ba da shi, nawa, har tsawon yaushe.

Mu koma kan ƙura, tunda ita ake ɗora wa laifin komai. Yawancin hazon da ke sauka mana daga Disamba zuwa Fabrairu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farin gari ta yo yamma da shi. Yana cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, mu kuma muna kan hanyarsa. Sai dai wannan ƙura akasarinta ƙasa ce niƙaƙƙiya, jiki ba ya ƙera mata IgE. Karta take yi, ta busar da hanci da maƙogwaro, ta shige can cikin huhu. Mai lafiya ma tana sa shi tari, wanda kuwa hanyar iskarsa ta riga ta kumbura ita ke ƙarasa shi. Haka hayaƙin itace a madafa, turaren wuta da ake rufe ɗaki a kansa, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin janareto da na taba. Duk masu tayar da ciwo ne, tushensa yana wani wuri. Mutum zai ce ba shi da yadda zai yi da hunturu, ya ja amawali ya rufe hanci ya haƙura, alhali ainihin abin da ya kumbura masa hanci yana cikin ɗakinsa.

Akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, ba su kai rabin milimita ba, suna rayuwa cikin katifa, matashi, darduma da tulin tufafi, suna cin ɓarɓashin fatar mutum. Kashinsu ne ke haddasa alerji. Masu bincike a Holan suka nuna haka a 1964. Laima suke so, don haka a ƙasa irin tamu damina ce lokacinsu. Wanda atishawarsa ke tsananta a Agusta, da asuba yana tashi daga barci, ya duba shimfiɗarsa kafin ya zargi iska. Ranar Damagaram kuwa kyauta ce: a shanya katifa da darduma tsakar rana a kakkaɓe, amma kada mai ciwon ne zai yi kakkaɓar. Sai kyankyaso, da kyanwa, da doki ga masu hawan salla, da fumfunar hatsin da ya sha laima a rumbu. Da kaka ga garin furen ciyawa da na gero, ga ƙaiƙayin sussuka da shiƙa. Mai shara ta yayyafa ruwa kafin ta ɗauki tsintsiya. Na san a garin da ake sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa wannan shawara tana da nauyi, amma ruwan wanke-wanke ma ya isa.

Sannan ga masu shigar burtu, waɗanda ake kira alerji alhali ba shi ba ne. Kifin teku na firji yana yin tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya iso kasuwar Dole. In sanyi ya yanke a hanya ko wuta ta ɗauke, ƙwayoyin cuta suna tara histamin cikin naman kifin kansa, suya kuma ba ta kashe shi. Wanda ya ci fuskarsa ta yi ja, kai ya sara, jiki ya yi bori. Alamar da ke tona asiri ita ce duk waɗanda suka sa hannu a kwanon sun kamu. Wannan kifi ne ya lalace, gobe mutum zai iya cin mai kyau lafiya. Babban da madara ke kumbura wa ciki ta sa shi zawo, hanjinsa ne ya daina narkar da sukarin madara tun bayan yaye. Fulani da Buzaye da yawa suna riƙe wannan ƙarfi har tsufa, sauran mutane kuma nono mai tsami ya fi yi musu sauƙi, shi ya sa fura ba ta damunsu. Alerjin madarar shanu na jarirai daban yake, yana zuwa da amai, ƙuraje, wani lokaci jini a kashi. Dattawa suna tuna ƙaiƙayin Nivaquine, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, da ke hana barci. Shi ma maganin ne ke tsokanar jijiyar fata kai tsaye. Gidan da kowa ke susa da dare ƙazuwa ce ta shiga. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama da zufar dare, gwajin majina na tibi yake so, kada a zauna ana cewa ƙura ce.

Batun gyaɗa ya cancanci a tsaya a kansa, domin labarin Turai ya fara shigo mana ta waya, har wasu iyaye ƴan boko sun fara hana ƴaƴansu kunun gyaɗa. A Ingila da Amurka alerjin gyaɗa babbar matsala ce, kuma shekaru da dama shawarar da ake ba iyaye can ita ce su nesanta jarirai daga gare ta. Wani likita a Landan, Gideon Lack, ya lura cewa yaran Yahudawa a Ingila sun ninka na Isra'ila kusan sau goma wajen wannan ciwo, alhali a Isra'ila tun kafin shekara ake ba jariri wani abin ƙwalama na gyaɗa. Ya gwada a kan jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, aka fitar da sakamako a 2015: waɗanda aka fara ba gyaɗa da wuri sun fi sauran tsira da kusan kashi 80 cikin 100. Aka soke tsohuwar shawara. Abin da kakanninmu ke yi ke nan ba tare da sun san sunansa ba. Tun yunwar 2005 yara masu tamowa bila adadin sun sha Plumpy'Nut, wanda gyaɗa ce tushensa, a yankunan Maraɗi da Damagaram, ba a ga alerjin gyaɗa ya zama cikas ga shirin ba. Bayan wata shida na nonon uwa zalla, kunun gyaɗa abinci ne na kirki. Ƙwayar gyaɗa guda ce ba a ba ƙaramin yaro, saboda shaƙewa.

Wani bincike a Gana ya ƙara fito da wani abin mamaki. An gwada jinin ƴan makaranta, aka samu kusan ɗaya cikin shida yana ɗauke da IgE na gyaɗa, amma waɗanda gyaɗa ke yi wa wani abu ba su kai biyu cikin ɗari ba. Aka gano tsutsar tsargiya ce ke sa jiki ƙera IgE mai kama da na gyaɗa. Duk yaron da ya taso yana wanka a tafki zai iya faɗawa cikin wannan sahu. Darasin ya shafi masu hali da ke zuwa Yamai ko Kano ko ƙetare su dawo da doguwar takarda: an hana ƙwai, an hana wake, an hana kifi, an hana madara. Gwajin jini shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Abin da ke yankewa shi ne labarin da mutum ya bayar: me ya ci, bayan minti nawa abin ya taso, ya maimaita ko bai maimaita ba. Alerjin abinci na gaske galibi ba ya wuce sa'a biyu bai nuna kansa ba, kuma kowane karo yana dawowa. Gwajin ɗiga ruwan abin a fata a ɗan tsira, wanda ke ba da amsa cikin minti 15, tabbatar da zargi yake yi. A ƙasar da tamowa ke kashe yara, hana yaro ƙwai da wake a kan zato ya fi alerjin haɗari.

Fara ce abincinmu da ya kamata wasu su yi hattara da ita. Namanta yana da wani sinadari mai kama da na jatan lande, da na kyankyaso, da na ƙwarin katifa. Wanda leɓensa ke kumbura in ya ci soyayyar fara, ya kula da miyar da aka sa wa garin jatan lande.

Akwai wani nau'in alerjin da ba ya bin hanyar IgE, kuma ba ya gaggawa: sai bayan kwana biyu ko uku fata ta yi ƙuraje masu ruwa daidai inda abu ya taɓa. Amare sun fi kowa saninsa. Lallen gargajiya da wuya ya cutar, amma baƙin ƙunshi na dayis yana ɗauke da sinadarin rina gashi da ake kira PPD, kuma shi ke sa zane ya tashi ya kumbura ranar kai amarya, ya bar tabo. Wadda ya taɓa yi wa haka ta rabu da dayis har abada, a hannu da a kai. Ƴan kunne da maɓallin wando masu ƙarfen nikel suna yin haka. Siminti yana tsattsage hannun magina saboda sinadarin kurom, wanda kuma da shi ake jeme fatar yawancin takalman kanti. Jimar bagaruwa ta majemanmu ba ta da shi. Maganin duka shi ne rabuwa da abin, da man kortizon na ƴan kwanaki, da shafa man kaɗe ko basilin.

Magani kansa yana jawo alerji, kuma a nan kuskure iri biyu ake yi. Na farko, yaro ya yi ƙuraje yana shan amoksisilin, alhali ƙwayar cutar da ta kawo zazzaɓin ce ta fesa su, sai a ce jininsa ba ya son penisilin har ya tsufa. A ƙasashen da aka bincika, cikin masu wannan laƙabi fiye da tara cikin goma ba su da alerjin. Na biyu ya fi muni: a raina alama ta gaske. Kotirimoksazol da danginsa, da wasu magungunan farfaɗiya, kan bar baƙin tabo zagayayye a leɓe ko al'aura, wanda ke sake tashi a wuri guda duk lokacin da aka sha. Wani lokaci kuma, ba kasafai ba, zazzaɓi ne zai zo, baki da ido su yi gyambo, fata ta fara saɓulewa. Wannan a tsayar da maganin a ruga babban asibiti. Shi ya sa masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda aka fara a Nijar a 2013 kuma Magariya na cikin wuraren farko, suke tambayar uwa ko yaro ya taɓa yin bori da shi, domin akwai dangin kotirimoksazol a cikinsa. Maganin yana ceton rayuka masu yawa. Tambayar don a ware ƴan tsirarun da bai dace da su ba ce, don haka a amsa ta da gaskiya. A kuma rubuta sunan duk maganin da ya taɓa yin illa cikin karnen asibiti, domin "wata farar ƙwaya" ba ta taimakon likita.

To, me za a sha? Ƙwayoyin tare histamin, waɗanda aka fara ganowa a cibiyar Pasteur ta Paris a 1937, iri biyu ne. Tsofaffin, irin su Polaramine da Phénergan da Piriton da ke shigowa daga Najeriya, suna shiga ƙwaƙwalwa su sa barci da nauyin jiki har washegari. Ɗan kabu-kabu ko direban da zai ɗauki hanyar Tanut bai kamata ya taɓa su ba, Phénergan kuma ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba. Sababbin, setirizin da loratadin, ƙwaya ɗaya ce a rana, barcinsu kaɗan ne. Su ne maganin borin jini. In borin ya wuce mako shida yana zuwa yana tafiya, yawanci ba abinci ba ne, jiki ne ke tayar da kansa, kuma shan setirizin kullum ya fi neman mai laifi a tukunya. Tabon bori yana bajewa da kansa cikin sa'o'i, shi ya sa duk jiƙon da aka sha a lokacin yake samun yabo.

Toshewar hanci kuwa ta fi jin maganin fesawa mai kortizon, sai dai yana son haƙuri: kullum ne, kuma sai bayan kwanaki ake ganin aikinsa. Wanke hanci da ruwan gishiri, na tafasasshen ruwa da ya huce, yana fitar da ƙura da majina ba tare da illa ba. Ɗigon da ke buɗe hanci nan take shi ne tarko. In an wuce kwana biyar ana sa shi, hancin ba ya sake buɗewa sai da shi.

Asma ce ke kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke fama da ita a 2019, ta kashe 455,000 a wannan shekara, akasarinsu a ƙasashe matalauta. Abin shaƙa iri biyu ne. Shuɗin, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventoline, buɗe hanyar iska yake yi cikin mintoci, ba ya taɓa kumburin. Ɗayan, irin su beklometazon, kortizon ne kaɗan ƙwarai da ke sauka kai tsaye a huhu, shi ke hana tashin ciwon in ana shaƙarsa safe da yamma, a kurkure baki bayansa. Tun 2019 ƙungiyar GINA mai tsara ƙa'idar kula da asma a duniya ta daina amincewa da shuɗin shi kaɗai ga manya da matasa. Wanda ke ƙarar da shuɗi uku ko fiye a shekara, ko tari ke tayar da shi da dare, ciwonsa ba a riƙe yake ba. Maganar da ake yi cewa "in ka fara shaƙa ba ka bari" ta juya zance: ciwon ne mai daɗewa, abin shaƙa ba ya sa jaraba. Da azumi ma ba a rasa hanya, tunda na rigakafin ana iya shaƙarsa da sahur da bayan shan ruwa. Wasu masu asma kuma asfirin, ibuprofen da diklofenak na tayar musu da ita, su kiyaye.

Yaro ba ya iya haɗa danna abin da jan numfashi, maganin sai ya tsaya a harshe. Wata likitar yara a Afirka ta Kudu, Heather Zar, ta nuna a 1999 cewa robar lemo mai rabin lita tana yin aikin na'urar da ake saya da tsada: a huda gindinta daidai bakin abin shaƙa, a liƙe, yaro ya kama bakin robar, a danna sau ɗaya, ya ja numfashi biyar ko shida. Babu gidan da ya rasa roba.

Mafi gaggawa shi ne anafilaksi, irin abin da ya kashe karen Richet. Mintoci bayan allura, ko harbin zuma ko rina, ko wani abinci, sai jiki ya yi bori, leɓe da harshe su kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, jiri ya kwashi mutum. Magani ɗaya ne, adrenalin, a tsokar cinya ta waje: rabin miligiram ga babba, yaro kuma gwargwadon nauyinsa, a maimaita bayan minti biyar in bai farfaɗo ba. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafu. In numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a kishingiɗe, amma kada a miƙar da shi tsaye. Deksa (deksametazon, ɗaya daga cikin dangin kortizon) da Phénergan, waɗanda hannu ya fi saurin kai wa, ba sa buɗe maƙogwaro ba sa ɗaga jini, sai bayan an gama ceto suke da wuri. Ƴar kwalbar adrenalin tana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba ta da tsada. Duk inda ake yin allura, daga ƙaramin asibitin ƙauye (CSI) har ɗakin shan magani na unguwa, ya kamata tana kusa da hannu. Mai yi wa mutane allura a gida ko a rumfar kasuwa ba shi da ita.

Hanyar da ke taɓa tushen ciwon ita ce saba wa jiki da abin sannu a hankali, ta allura ko ɗigo ƙarƙashin harshe, shekara uku zuwa biyar. Leonard Noon da John Freeman suka fara ta a Landan a 1911. Tana aiki sosai ga dafin zuma, ƙwarin katifa da furen ciyawa, amma tana son ƙwararre da kuɗi, kuma ga yawancin mutanenmu nesa take.

Saura deksa. Ba a banza ake sonta ba: tana aiki. Ƙwaya ɗaya, ƙaiƙayi ya tafi, hanci ya buɗe, ciki ya buɗe, fuska ta ciko har a ce mutum ya samu hutu. Allurar kortizon mai daɗewa, irin su Kenacort da Diprostène, tana ba da sauƙin makonni. Likita ma yana ba da kortizon na sha kwana uku zuwa biyar in asma ta tashi da ƙarfi, kuma daidai ne. Amma wanda ya mayar da ita abin kullum ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago: ciwon sukari, hawan jini, ƙashi ya yi taushi, kan ƙashin ƙugu ya mutu, yana ta rufe ido, garkuwa ta faɗi har tsohon tibi ya farka, yaro kuma ya daina tsawo. Cikowar fuskar nan ruwa ne da kitse. Ƙwayoyin sha-ka-fashe da ƴan mata ke nema kafin biki akasarinsu ita ce, ko wani tsohon maganin alerji mai sa ci. Allurar kuwa in ta shiga tsoka ba mai iya ciro ta.

A ido abin ya fi ban tausayi. Akwai yara, galibi maza, masu ido ja-ja mai ruwan ƙasa, suna murza shi dare da rana, ba sa son haske. Alerjin ido ne na ƙasashe masu zafi, ba apolo ba ne ba amodari ba, kuma yawanci yana lafawa in sun balaga. Ɗigo mai kortizon yana wanke idon tas cikin kwana biyu, uwa ta ji daɗi ta ci gaba. Watanni na tafiya matsin ruwan ido na hawa ba tare da zafi ba, jijiyar gani na mutuwa, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Ɗigon kromoglikat, ruwan sanyi a kan fatar ido da hana murza su ne abin yau da kullum. Mai kortizon sai likitan ido ya rubuta, ya kuma auna matsin.

Wanda ya riga ya shafe fiye da mako uku yana shan deksa kullum, kada ya karanta wannan ya watsar da ita yau. Akwai wasu ƴan ƙullutu biyu a saman ƙoda da ke samar wa jiki nasa kortizon, kuma sun yi barci tun da aka fara kawo na waje. In aka yanke farat ɗaya sai kasala, amai, jini ya faɗi, har a rasa rai. A ɗauki kwalin a kai wa likita, a faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da adadin, ya auna sukari da jini, ya tsara ragewa kaɗan-kaɗan. A makonnin farko tsohon ciwon zai dawo da ƙarfinsa, kuma a nan ne mutane ke komawa wurin mai talla. Saboda haka ake fara abin shaƙa ko maganin fesa hanci tun kafin a soma ragewar, don ya riga ya kama aiki.